Wata shida a Hamburg: amsa ga ɗalibar da ta samu gurbin musayar karatu

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a aji uku, ina karanta kimiyyar harshe. An zaɓe ni cikin waɗanda za su je Jami'ar Hamburg da ke Jamus su yi zangon karatu ɗaya a shirin musayar ɗalibai, daga Oktoba zuwa Maris. Ban taɓa fita waje ba. Baba ya amince, amma hankalin Umma bai kwanta ba. Don Allah yaya rayuwa take a can? Kuɗin tallafin zai ishe ni? Yaya batun sallah da abinci da hijabi? Kuma me ya fi wuya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina taya ki murna, Allah ya sanya alheri, ya sa ki je lafiya ki dawo lafiya. Shawarata ita ce ki je. Amma bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin sauran duk a jikinta suke rataye.

Ɗalibai sanyi suke tsoro, iyaye kuma tarbiyya suke ji. Sanyi akwai shi, amma riga ce maganinsa. Abin da na ga ya fi kayar da yaranmu, a zaman da na yi a garin da kuma cikin ɗaliban da muka tura daga baya, shi ne a can babu mai nemanki. A gida rayuwa ce take zuwa ta same ki har ɗaki. Shugaban aji ya yi shela an ɗaga lacca, ƙawa ta biyo miki ku tafi tare, maƙwabciya ta leƙo don ba ta ji motsinki ba tun safe. A Hamburg idan kin ƙi zuwa lacca ba wanda zai kira ki. Idan ba ki shiga shafin jami'a da ake kira STiNE kin yi rajistar jarrabawa kafin a rufe ba, sunanki ba zai fito ba, ko da kullum ke ce a layin gaba. Idan kin kwana uku a ɗaki ba ki fito ba, wadda kuke haɗa kicin da ita ba za ta ƙwanƙwasa miki ba. Ba ƙiyayya ba ce, a tarbiyyarsu shiga sha'anin wanda bai gayyace ka ba rashin ladabi ne. Taimako yana nan birjik, ofis-ofis ne aka buɗe musamman don irinki, amma kowanne sai kin tako da ƙafarki kin buɗe baki. Wata shida kuma ba yawa. Wadda ta zauna jiran a neme ta, kafin ta farga Fabrairu ta yi.

Aikin da ya fi muhimmanci tun kina gida za ki yi shi, kuma ba haɗa akwati ba ne. Akwai takardar yarjejeniyar karatu da ake kira Learning Agreement, wadda ke da jami'arku da ta Hamburg za ku sa wa hannu. A cikinta ake rubuta darussan da za ki ɗauka a can da waɗanda za su maye gurbinsu a nan. Turai suna lissafi da kiredit na tsarin ECTS: cikakken zango kiredit 30 ne, kowane kiredit kuma aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da kike yi ke kaɗai. Ki zauna da shugaban sashenku da jami'in jarrabawa, darasi bayan darasi, a rubuta a sa hannu a buga hatimi, ki riƙe kwafi. Kada ki yarda da "je ki dawo, za mu san yadda za a yi". Shugabannin sashe suna canzawa, takarda ce take zama. Ki kuma yi musu bayani tun yanzu cewa makin Jamus a juye yake: 1.0 shi ne ƙololuwa, 4.0 ƙyar da kai, 5.0 faɗuwa. Wanda ya saba da tsarin da 5 take nufin A zai iya ganin 1.3 a takardarki ya ɗauka kin sha ƙasa, alhali kin yi zarra.

Biza ki nemi ta dogon zama, wadda ake ba ɗalibai, ba ta ziyara ta kwana 90 ba, kuma ki nemi ranar ganawa da ofishin jakadanci da zarar takardar gayyata ta iso. Gwamnatin Jamus tana son shaidar cewa ɗalibi zai iya riƙe kansa. Tun watan Satumbar 2024 adadin da ta gindaya shi ne Yuro 992 a wata, wato 11,904 a shekara. Idan tallafinki ya kai haka, takardar tallafin ta wadatar. Idan bai kai ba, sai an nuna cikon.

Wannan adadin shi ne ma'aunin amsar tambayarki ta kuɗi, kuma Hamburg tana cikin garuruwan Jamus masu tsada. Haya ce take cinye kaso mafi girma. Ɗaki a gidajen kwanan ɗalibai na hukumar Studierendenwerk yakan kama daga Yuro 300 zuwa 450, amma ɗakunan ba su kai 5,000 ba a garin da ɗalibai suka haura 100,000. Ɗaki a gidan haɗaka na kasuwa, wanda suke kira WG, yana kai wa wajen Yuro 600. Inshorar lafiya dole ce, ba a yi miki rajista sai da ita, kuma ta ɗalibai ta haura Yuro 130 a wata. Sai kuɗin zango na Yuro ɗari uku da wani abu, wanda a cikinsa tikitin bas da jirgin ƙasa yake. Sai harajin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata a kan kowane gida, ko da babu talabijin a cikinsa. Idan kin samu ɗakin ɗalibai kuma kina girki da kanki, kuɗin zai ishe ki har ki ɗan taɓa ajiya. Idan kin faɗa hayar kasuwa, za ki riƙa ƙirga kwabo. Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne kason farko na tallafi yakan makara, sai kin iso kin yi rajista kin buɗe asusun banki, alhali hayar wata na farko da kuɗin jingina na ɗaki, wanda doka ta yarda ya kai na hayar wata uku, tun ranar karɓar makulli ake nemansu. Ki tambayi jami'in shirin ranar da kuɗin zai shigo, ki taho da abin da zai riƙe ki zuwa ranar. Doka ta ba ɗalibin waje damar aikin cikakkun kwana 140 a shekara, amma ni ban ba wadda za ta yi zango ɗaya shawarar ta gina lissafinta a kan aiki ba. Kafin ki samu, ki saba, jarrabawa ta iso.

Maganar ɗaki ita ce za ta fi kwantar wa Umma hankali, saboda haka ki yi ta da wuri. Yawancin gidajen ɗalibai a can maza da mata ne a haɗe: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma kicin ɗaya, wani lokaci banɗaki ma ɗaya. Ki rubuta wa ofishin kula da ɗaliban waje tun yau, ki ce kina son sashen mata zalla ko ɗaki mai banɗakinsa a ciki, ki faɗi dalilinki kai tsaye. Ba za su ga baƙonsa ba, amma idan ba ki faɗa ba ba za su yi miki zato ba. Idan kuma ta kai ki ga neman ɗaki a intanet, kada ki tura ko sisi ga wanda ya ce yana ƙasar waje zai aiko miki da makulli. Damfara ce da ta daɗe tana cin baƙi. Tambayar da za ki yi wa kowane mai gida ita ce ko zai ba ki takardar shaidar zama da za ki yi Anmeldung da ita. Anmeldung rajistar adireshi ce a ofishin hukumar gari, cikin mako biyu da tarewa, kuma sauran takardunki kusan duk a kanta suke hawa. Ranar da kika tare, ki rubuta sunan da ke fasfonki ki manna a akwatin wasiƙa na ƙofar gida. Ɗan aiken gidan waya da suna yake aiki. Katin banki, lambar sirrinsa, katin inshora, lambar haraji, duk a ambulan suke zuwa, in babu sunanki a akwati su koma inda suka fito, ke kuma kina can kina jira.

Yanzu yanayi. A Janairu awon sanyi yakan tsaya kusa da sifiri, amma abin da ya fi cizo iska ce da yayyafi mara ƙarewa, don garin a bakin kogin Elbe yake, ba nisa da Tekun Arewa. Kada ki ɓata kuɗi kan rigar sanyi a gida. Ki zo da abin da zai kai ki mako ɗaya, ki sayi jaket mai hana ruwa da takalmi mai kauri a can, har na gwanjo akwai masu kyau. Ki riƙa saka kaya hawa-hawa, domin cikin aji da cikin jirgi da ɗumi, za ki so ki rage. A ɗaki kuma ki riƙa buɗe taga gaba ɗaya na 'yan mintoci safe da yamma, komai sanyi. In ba haka ba bango ya yi baƙin funfuna, a cire kuɗin gyara daga jinginarki.

Duhu ya fi sanyi aiki a jikin mutum, kuma shi ba a sayar da rigarsa. Mu da muka tashi kusa da tsakiyar duniya, tsawon yininmu bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. A Hamburg, a ƙarshen Disamba, rana tana fitowa wajen ƙarfe 8:30 ta faɗi ƙarfe 4:00 na yamma, yinin awa bakwai da rabi ke nan, shi ma sau da yawa hadari ya rufe shi. Za ki fita lacca da duhu ki dawo da duhu. Jiki yakan mutu, barci ya yi yawa, ƙaramin abu ya sa ki hawaye, ki fara ganin kamar zuwanki kuskure ne. Wannan yakan taso ne a tsakiyar Nuwamba, lokacin da ɗokin sabon wuri ya kwanta. Ki san da zuwansa tun yanzu don kada ki ɗauka imaninki ne ya yi rauni ko kanki ne ya taɓu. Ki fita ki taka da tsakar rana kullum, ko minti 20 ne, ki tambayi likita batun sinadarin bitamin D, don fata mai duhu ba ta samun isasshensa daga ranar hunturun can. Idan nauyin zuciyar ya wuce mako biyu bai sauka ba, jami'a tana da ofishin ba da shawara kyauta, kuma sirrinki a rufe yake. Ki je.

Gajartar yinin ta taɓa sallah kai tsaye. A Disamba azahar tana shiga wajen 12:20, la'asar kafin ƙarfe 2:00, magariba ƙarfe 4:00. Salloli uku cikin ƙasa da awa huɗu, duk a tsakiyar lokacin lacca. Abin da zai taimake ki wata tsohuwar al'ada ce ta jami'o'in Jamus. Idan kin ga an rubuta c.t. a gaban lokacin darasi, to na ƙarfe 12 zuwa 2 zai fara 12:15 ya tashi 1:45, na gaba kuma sai 2:15. Rabin awar nan da ke tsakani ita ce taki. Ki riƙa yawo da 'yar sallaya mai naɗewa a jaka, ki gano lungu mai shiru tun makon farko. Jami'ar ta fitar da ƙa'idar gudanar da ibada a harabarta a 2017. Ba ta hana ɗankwali ba, ba ta hana sallar mutum shi kaɗai cikin natsuwa ba, amma ba ta yarda da wanke ƙafa a wurin wanke hannu na banɗakunan jama'a ba. Saboda haka ki riƙa fitowa da alwalarki, kuma kafin ki tashi ki zauna da malaminki ya warware miki hukuncin shafa a kan huffi da na haɗa salloli idan larura ta kama. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. Ki saka ƙaramar buta a akwati, banɗakunansu takarda kawai ake ajiyewa. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, don haka za ki yi shi a can, na wajen awa 12 zuwa 13 cikin sanyi. Waɗanda suka yi shi a watan Yunin 2016 sun haura awa 18. Wuyar naki ita ce zai haɗu da jarrabawa, kuma ba za ki ji kiran sallah daga taga ba.

Ranar da kewar gida ta taso, ki hau jirgin ƙasa ki sauka babbar tasha, Hauptbahnhof, ki fita ta ɓangaren unguwar St. Georg ki bi titin Steindamm. Taku kaɗan za ki ji ƙamshin gasasshen nama da burodi mai zafi. Shagunan Turkawa da Afganawa da Larabawa ne a jere, an baje tumatir da tattasai da kuɓewa a bakin ƙofa, mahauta na halal suna saran rago a bayan gilashi, mata da mayafi suna jan keken yara. A wani titi da ke gefe, Böckmannstraße, akwai babban masallacin Centrum mai hasumiya biyu da zanen kore da fari. A shagunan 'yan Afirka na yankin za ki samu doya, manja, garin rogo, attaruhu da busasshen kifi. Hamburg ce ta fi kowane gari a Jamus yawan 'yan Gana, kuma a cikinsu akwai mutanen Zango, saboda haka kada ki yi mamaki idan kina zaɓen albasa kika ji an ce "sannu da aiki" a bayanki da Hausar Kumasi. Ki amsa, ki gaisa, ki tambayi inda matansu suke taruwa. Da rana za ki riƙa zuwa dai, domin kewayen tashar da dare matattarar 'yan maye ce. Jihar Hamburg ce ta fara ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi a Jamus, a 2012, har aka amince da ranakun Idi a matsayin bukukuwan addini, don haka Musulunci ba baƙo ba ne a garin.

Daga gida ki taho da kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa da garin kunu, a ɗaure da kyau. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ki bar su, duk yadda Umma ta so ta haɗa miki. Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi, za a ƙwace, ana iya cin tararki. A kanti ki haddace kalmomi biyar: Schwein alade ne, Schinken da Speck da Schmalz duk daga jikinsa suke fitowa galibi, Gelatine kuma tana ɓuya a alewa da wasu kayan zaƙi. A kantin cin abincin jami'a, Mensa, kullum akwai abincin da ba nama, kuma kifi ba ya wuya. Ruwan famfo ana sha. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, ki yi cefanenki Asabar. Robar lemo kada ki yar, akwai santi 25, wato kwatan Yuro, a kanta idan kin mayar wa na'urar kanti.

Hijabinki ki saka abinki. A jami'a da cikin gari ba ke kaɗai ba ce, kuma yawancin mutane ba ruwansu. Amma ba zan ɓoye miki ba, ke baƙar fata ce kuma mai lulluɓi, akwai ranar da za a bi ki da kallo a jirgi, ko wani ya yi miki gunaguni, ko mai gida ya daina amsa saƙonki bayan ya ga sunanki. Yana da ciwo, kuma ba laifinki ba ne. Ƙasar tana da dokar hana wariya tun 2006, ƙungiyar ɗalibai ta AStA tana da masu ba da shawara, lambar 'yan sanda 110 ce. Kada ki haɗiye ki yi shiru, ki gaya wa wani a ranar. Sai dai ki koyi rarrabe wariya da halin mutanen arewacin Jamus, waɗanda ko a tsakanin Jamusawa an san su da ƙarancin magana. Gaisuwarsu "Moin" ce, kalma ɗaya, safe da dare, ba "ina gajiya" ba "yaya mutanen gida". Mai kanti da bai yi miki murmushi ba haka yake yi wa kowa. Idan namiji ya miƙo hannu kuma ba kya musabaha, ki ɗora hannu a ƙirji ki yi murmushi ki faɗi dalili a jimla ɗaya. Idan an miƙo giya ki ce ba kya sha, ki karɓi ruwan tuffa. Magana a fili ta fi musu sauƙin ɗauka a kan kawaici, domin kawaicinmu ba sa iya karanta shi.

Cikin aji ne za ki fi jin bambancin, kuma nan ne ribar tafiyar take. Yawancin darussan manyan aji zaman tattaunawa ne, mutum 10 ko 20 a kewaye da tebur. Ana ba da abin karantawa kafin a zo, kuma ana sa ran kin karanta. Malama za ta juyo ta ce mene ne ra'ayinki, kuma da gaske take. Mu an tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai gaban malami, tarbiyya ce mai kyau, amma a can shirunki za a fassara shi da rashin shiri. Ɗalibi ɗan shekara 20 zai ce wa farfesa bai yarda da shi ba, ya kawo hujja, farfesan ya ji daɗi. Ki ɗaura wa kanki cewa kowane zama sai kin yi magana ko sau ɗaya. Za a ba ki ranar gabatar da jawabi a gaban aji, za ki kuma rubuta doguwar takardar bincike a hutun ƙarshen zango. A nan ki yi hattara: ɗauko jimlar wani ba tare da faɗin inda kika samo ta ba ya isa a kayar da ke a darasin gaba ɗaya. Kowane malami yana da awar ganin ɗalibai a mako, Sprechstunde. Ki je tun watan farko, ki gabatar da kanki, ki faɗi abin da kike son bincika. Da an tashi lacca za ki ji ɗalibai suna ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsu, tafinsu ke nan.

Ke kuma da kike karanta harshe, ki sani ba hannu rabbana za ki je ba. A cibiyar nazarin Asiya da Afirka ta jami'ar, kusa da tashar Dammtor, ana koyar da Hausa tare da Suwahili da Amharik. Tarihin abin ya girmi jami'ar kanta, wadda aka kafa a 1919: tun 1909 aka naɗa Carl Meinhof a kujerar harsunan Afirka a Cibiyar Mulkin Mallaka ta Hamburg. Asalinsa hidimar mulkin mallaka ce, kuma malaman yanzu ba sa ɓoye haka, suna tattauna shi a aji, ya kamata a ji muryarki a wannan muhawarar. Heinrich Barth, matafiyin da ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, haifaffen Hamburg ne, kuma da zai koma gida a 1855 ya tafi da Dorugu, saurayi Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda ya taka garin nan tun wancan zamani. Akwai kuma cibiyar nazarin rubuce-rubucen hannu da ke aiki a kan ajamin Afirka ta Yamma. Idan kin yi makarantar allo kina karanta warash, kina riƙe da abin da wasu masu digiri na biyu suke shan wuya kafin su koya. Ki nemi malamin Hausa ki ce kina son abokiyar musayar harshe: awa ɗaya ki gyara mata karin sautin Hausa, awa ɗaya ta koya miki Jamusanci. Yawancin abotar kirki da na ga ɗalibanmu sun ƙulla, daga irin wannan zaman ta fara.

Tarko biyu ne a harkar abota. Na farko ki kulle kanki a ɗaki, waya a hannu, jikinki a Hamburg ranki a zauren WhatsApp na 'yan ajinku. Na biyu ki samu 'yan gida uku ku dunƙule, ku ci tare ku fita tare, har ki dawo ba ki taɓa shiga gidan Bajamushiya ba. 'Yan gida rahama ne, ki riƙe su, amma ba don su kika ƙetare Sahara da Bahar Rum ba. Shirin PIASTA na jami'ar yana shirya makon maraba da tarurruka na baƙin ɗalibai, ki halarta ko ba kya jin fita. Bajamushiya ba a faɗo mata gida ba sanarwa, sai an sa rana, wani lokaci mako biyu gaba, amma idan ta sa to ta sa, kuma ƙarfe 4 tana nufin ƙarfe 4. Ki fara gayyata. Ki dafa shinkafa da miyar taushe ko ɗanwake, ki kira waɗanda kuke haɗa kicin. Bayan ƙarfe 10 na dare dai a rage murya, lokacin shiru ne a gidajensu. Umma kuma ki yanka mata lokacin waya tsayayye, ki ba ta adireshinki da lambar jami'in shirin. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris agogon Jamus daidai yake da na Najeriya da Nijar, ba sai ta yi lissafi ba.

Abu ɗaya game da lafiya da nake so ki riƙe da kyau. Idan zazzaɓi ya kama ki a makonnin farko, ki gaya wa likita da bakinki cewa daga ƙasar da ake cizon sauro kika fito, ki nemi a gwada jininki a ranar. Likitan unguwa a can zai fara tunanin mura ne, kuma maleriya ba ta jira. Garin ya san cutar, cibiyar Bernhard Nocht ta binciken cututtukan ƙasashe masu zafi tana can tun 1900. Lambar gaggawa 112 ce, ta likitan dare da ranakun hutu 116117.

Ki ga gari kuma. Tikitinki na ɗalibai yana aiki har a jiragen ruwa na fito. Ki hau mai lamba 62 daga Landungsbrücken zuwa Finkenwerder, ki tsaya a sama ki ga manyan jiragen dakon kaya suna wucewa ta gabanki. Da shi za ki je Lübeck ko Bremen a jirgin ƙasa na yanki ba ƙarin ko sisi, ban da jirage masu gudu irin ICE. Tashoshinsu ba shinge ba mai tsaron ƙofa, amma masu bincike suna shigowa ba zato, tarar Yuro 60 ce, don haka kullum tikitin yana jikinki. Bizarki ta dogon zama ta ba ki damar leƙa sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu tsarin biza ɗaya, na ɗan lokaci, Denmak ma tana kusa, sai dai ki bari sai kin miƙa takardun bincikenki.

Za ki haɗu da masu ce miki wauta ce ki koma, ki ɓace kawai ki nemi aiki. Kada ki saurare su. Zaman da ba takarda zaman ɓuya ne, ba karatu ba asibiti ba zuwa gida, kuma duk ɗalibin da ya ƙi dawowa yana rufe ƙofar ga 'yan ajin da ke bayansa, domin da amana ake sabunta irin wannan yarjejeniya. Idan garin ya kwanta miki, hanyar a buɗe take: ki dawo ki kammala digirinki, ki nemi tallafin karatu na gaba ta DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, da wasiƙar farfesan da ya san ki a aji.

Mako biyu kafin tasowa ki fara kwance abin da kika ɗaura. A makon ƙarshe ki je ofishin gari ki soke rajistar adireshinki, Abmeldung, ki karɓi takardar, domin da ita za ki dakatar da inshora da harajin rediyo, in ba haka ba bashi ya yi ta taruwa da sunanki ya jira ki ranar da za ki sake neman shiga ƙasar. Ki share ɗaki tas, a duba shi a gabanki a sa hannu, ki tambayi ranar da za a mayar miki da jinginarki, kuma kada ki rufe asusun banki sai ta shigo. Takardar sakamakonki ba lallai ta fito kafin ki taso ba, don malamai sukan ɗauki makonni suna duba takardun bincike. Ki karɓi sunan wanda zai aiko da ita da adireshinsa na imel, ki kuma ba shi na jami'in jarrabawarku.